An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Hausa ba ta rasa sunan da za ta kira macen da ba ta haihu ba. A ce mata juya, a ce mata bakarariya, in kuwa tana haihuwa 'ya'yan suna komawa a ce mai wabi. In kishiya ta so cin fuskarta, sai ta tsaya tsakar gida ta yi wa akuya habaici, kowa kuwa ya san inda maganar ta dosa. To, namijin da ba ya haihuwa fa, me ake kiransa? Masu ƙamus sun ce akwai bakarare. Mun ji, mun kuwa yarda. Amma muna tambayar mai karatu, tun da ya yi wayo sau nawa ya taɓa jin an nuna wani magidanci a zaure ko a kasuwa an ce wane bakarare ne? Abin da ake cewa shi ne, "Wane Allah bai kawo ba tukuna," ko kuwa, "Wane bai yi dacen mata ba." Ita an yanke mata hukunci da kalma guda, shi kuwa an sallame shi da addu'a.

Wani zai ce me ya kai samari, waɗanda yawancinsu ko lefe ba su haɗa ba, ga zancen manya? Abin da ya kai mu shi ne, nan da shekara biyar ko shida mu ne magidantan. Mu ne za mu riƙe takardar digiri a hannun dama, mu riƙe takardar saki a hannun hagu. Yayyenmu mata da ƙannenmu kuwa tuni wasunsu suna cikin wannan wuta. In ilmin da muke taƙama da shi bai hana mu maimaita zaluncin da muka tarar ba, to, kuɗin makarantar da iyayenmu suka biya ya tafi a banza.

Mu fara da inda yawancin maza ke ɗaukar karatunsu a kan wannan al'amari. Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa jiran mota a Ƙofar Kabuga, tsakanin tsohuwar harabar Jami'ar Bayero da sabuwa ta hanyar Gwarzo, ya san akwai wata makaranta da ba ta neman takardar shiga. Makarantar lasifika ke nan, ta masu tallar magani, irin waɗanda ake samu a mahaɗar hanyoyi da tashoshin mota ko'ina cikin birnin nan. Kwalba ɗaya ce ke maganin basir, da ciwon baya, da sanyi, da ƙarfin maza, da rashin haihuwa. Darasin da suke bayarwa kullum guda ne, watau namijin da ke iya biya wa iyalinsa bukata ba shi da sauran tambaya, in ciki bai samu ba a dubi matar. Direba ya ji, ɗan kasuwa ya ji, malamin makaranta ya ji, ɗalibin kimiyya ma da ya fito daga ɗakin gwaji ya ji ya yi murmushi, amma maganar ta zauna masa.

Wannan darasi ƙarya ne tun daga tushensa. Iya kwanciya da iyali abu ne daban, iya bayar da ciki abu ne daban. Ruwan da namiji ke fitarwa, mafi yawansa abin ɗaukar kaya ne kurum. Kayan su ne ƙwayoyin maniyyi da marainai ke ƙerawa, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, ba su kuwa wuce kashi 5 cikin 100 na ruwan ba. Saboda haka mutum yana iya zama ƙaƙƙarfa, gemu har ƙirji, murya kamar aradu, a ɗauki ruwansa a duba a tarar babu ƙwaya ko ɗaya a ciki, shi kuwa bai taɓa jin ko ciwon kai ba. Likitoci sun ƙiyasta kusan namiji 1 cikin kowane 100 haka yake. Wasu kuma suna da ƙwayoyin amma kaɗan ne, ko ba su motsi, ko siffarsu ta lalace. Littafin gwaji na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugun 2021, ya sa ƙwaya miliyan 16 a mililita ɗaya, da kashi 42 cikin 100 masu motsi, a matsayin ma'aunin ƙasa da ake kwatanta sakamako da shi. Wanda ya gaza haka yana iya haihuwa, sai dai damarsa ta ragu. Tun 1677 wani mutumin Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek ya hangi waɗannan ƙwayoyi da madubin da ya ƙera da hannunsa a garin Delft. Shekara fiye da 340 ke nan, amma labarin bai iso lasifikar Kabuga ba.

Ga lissafin. Abin da likitoci ke kira rashin haihuwa shi ne ma'aurata su shekara cur suna tarawa ba tare da wani tsari na hana ciki ba, ciki bai samu ba. A watan Afrilu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kimanin mutum 1 cikin kowane 6 na baligan duniya yana gamuwa da wannan a wani lokaci na rayuwarsa, kashi 17.8 cikin 100 a ƙasashe masu arziki, kashi 16.5 a matsakaita da matalauta. Watau ba ciwon Turawa ba ne, ba kuwa na talakawa kaɗai ba. A ɗakin lacca mai ɗaukar ɗalibi 300, kimanin 50 ke nan, ko da yake da yawansu za su samu daga baya. Daga cikin gidajen da abin ya shafa, masana sun daɗe da nuna cewa a kusan rabi akwai hannun namiji, a kashi 20 zuwa 30 cikin 100 kuwa matsalar tasa ce shi kaɗai, matar lafiyarta lau. Sa'an nan a tuna inda muke zaune. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna matsakaicin haihuwar mace a Nijeriya 5.3 ne, a Arewa maso Yamma kuwa 6.6. A unguwar da kowane gida ke yanka ragon suna duk bayan shekara biyu, gidan da ba a ji kukan jariri ba ba ya ɓoyuwa, tilas kuwa a nemi wanda za a ɗora wa.

Wadda ake ɗora wa mun san ta. Ita ce ke sammako ta kama layi a sashen mata na asibiti ita kaɗai, ko da rakiyar ƙanwa. A ɗebi jininta, a yi mata hoton ciki, a tura ruwan rini cikin mahaifarta a ɗauki hoto don a ga ko bututun ƙwai a buɗe suke, gwajin da duk wadda aka yi wa ba ta manta zafinsa. Wani lokaci har a sa ta barci a huda cikinta a leƙa. Likita ya rubuta 'yar takarda ya ce ta kai wa maigida shi ma ya zo a gwada shi. Takardar nan ita ce takardar da ta fi kowace saurin ɓacewa a ƙasar Hausa. Wani ya ce ba shi da lokaci, wani ya ce likitan ya raina shi, wani ya ce, "Ni da kike gani kin san lafiyata lau," ya juya baya. Alhali kuwa gwajin nasa ba allura, ba wuƙa, ba kwanciya asibiti, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar abin da aka kashe a kanta ba.

Wannan na asibiti ke nan, inda aƙalla akwai mai ilmin abin da yake yi. A waje kuwa sai abin da hali ya yi. Ta sha saiwa, ta sha sassaƙe, ta tsuguna kan hayaƙi, ta sayar da 'yan kunnenta ta kai wa boka, ta je bayan kantin magani a yi mata abin da ake kira wankin mahaifa da kayan da ba a dafa ba, ta dawo da ciwon da ba ta tafi da shi ba. Akwai kuma yankan gishiri, wanda wanzami ko ungozoma ke yi wa mace da aska a gabanta saboda dalilai iri iri, rashin haihuwa yana cikinsu. Wani likita, F. Tahzib, ya bi bayanan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya daga 1969 zuwa 1980, ya buga sakamakon a 1983. Kashi 13 cikin 100 nasu yankan gishiri ne ya jawo musu. Ba dukansu aka yanka don neman haihuwa ba, amma ko mace ɗaya ce aka huda wa mafitsara saboda ciwon da ke jikin mijinta, ai ya isa a ce tir.

Bayan wannan sai kishiya, bayan kishiya sai takarda. Akwai wani labari da kusan kowace zuriya ke da irinsa. An saki wance don ba ta haihuwa, ta gama idda ta auri wani, shekara ba ta zagayo ba aka yi suna. Shi kuwa tsohon mijin yana kan ta uku ko ta huɗu, shiru kake ji. Me jama'a ke cewa? "Rabo ne, jininsu ne bai haɗu ba." Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, kowa ya karanta zai ce lalle daga gare ta ne, ba wanda zai ce mazan nan huɗu ne duka ba su da rabo. To, don me ma'aunin nan ba ya aiki in aka juya shi? Namiji ya auri mace huɗu, ko shida bi da bi, babu wadda ta yi ko ɓatan wata, amma a ce duk juyoyi ya yi ta kwasowa. Wane irin rashin sa'a ne wannan da ba ya sauka sai a gida ɗaya?

Ko a inda aka tarar bututun matar ne suka toshe, tambaya ba ta ƙare ba. Babban abin da ke toshe su a ƙasashenmu shi ne ciwon sanyi da danginsa da ba a yi wa magani da wuri ba. Yarinyar da aka kai ɗaki tana budurwa, daga ina ta samo shi? Sau da yawa angon ne ya kawo shi cikin kayan aure, ya sha 'yan ƙwayoyi biyu daga kanti zafin fitsari ya lafa masa, ita kuwa ciwon ya yi ta cinta a ɓoye ba ta ji komai ba. Mun sa masa suna "sanyin mata" muka huta. Haka nan wadda ke haihuwar 'ya'ya mata zalla ake yi mata gori, alhali ƙwayar namiji ce ke ɗauke da abin da ke sa jariri ya zama namiji ko mace.

Da zarar an kawo maganar gwaji sai a ce haihuwa ta Allah ce. Haka ne, ba mu ja ba. Amma in ta Allah ce, don me ake jan matar daga wannan asibiti zuwa wancan boka? Ashe ƙaddara gare shi, laifi gare ta? Ayoyi na 49 da 50 na Suratush Shura, waɗanda suka yi zancen wanda ake ba 'ya'ya mata, da wanda ake ba maza, da wanda ake haɗa wa, da wanda ake bari ba haihuwa, ba su keɓe mace da wannan na ƙarshe ba. Malaman farko kuwa ba su jahilci abin da muke ɓoyewa ba. Abdurrazzaƙ ya kawo a littafinsa Musannaf cewa wani mutum da ba ya haihuwa ya yi aure a zamanin Halifa Umar, Umar ya tambaye shi ko ya sanar da matar halinsa, da ya ce a'a, sai ya umurce shi ya je ya gaya mata, ya kuma ba ta zaɓi. Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan birnin nan ta yi hukuncin mijin da ya kasa kusantar matarsa, ta ba shi wa'adin shekara. Ba su ji kunyar tattauna lafiyar namiji a fili ba. Mu ne, jikokinsu masu digiri, muka mai da abin haramun a furta.

Kada a ɗauka muna cewa mazan nan duk azzalumai ne marasa imani. Da yawansu tsoro ne ke cinsu, mun kuwa ga dalili. An koya wa yaro tun yana ƙarami cewa namiji shi ne mai iyali, an haɗa masa haihuwa da mazakuta wuri guda, har ya zama in aka ce ƙwayoyinsa sun yi kaɗan, abin da kunnensa ke ji shi ne an ce shi ba namiji ba ne. Ya je sunan ɗan ƙanensa ya ci goro ya yi dariya, abokai a majalisa su ce, "Kai fa, sai yaushe?" Uwa ta kira shi ɗaki ta ce ta samo masa 'yar wance, danginsu masu haihuwa ne. Zuciyarsa tana raya masa gaskiya cikin dare, amma wa zai gaya wa? Mace tana da uwa, da ƙawa, da 'yar'uwa da za ta yi wa kuka. Shi ba shi da kowa, don duk wanda ya gaya wa yana tsoron gobe ya ji a bakin mai shayi. Muna da littafi guda na labarin Baba daga bakinta, amma a nemo mana magidanci ɗaya da ya zauna ya faɗi nasa. Marcia Inhorn, malamar nazarin al'umma a Jami'ar Yale ta Amurka, ta shafe shekaru tana hira da ma'aurata marasa haihuwa a Masar da Labanan. Ta tarar da wannan ruɗani na haɗa rashin haihuwa da rashin ƙarfi, ta kuma tarar mata da yawa suna ɗaukar laifin a kansu don su rufa wa mazansu asiri. A littafinta na 2012 kuwa ta nuna maza da dama a can sun fara zuwa asibiti da ƙafarsu tare da matansu. Larabawa ne, Musulmi mafi yawansu, masu kishin mazakuta kamarmu, ba su kuwa mutu ba don an gwada su.

Abin takaicin shi ne shirun nan shi ke hana namiji maganin da yake da shi. Dalilan da ke rage ƙwayoyi sanannu ne. Akwai hangum in ya kama namiji bayan balaga ya sauka ga marainai. Akwai ciwon sanyi da ke toshe hanyar da ƙwayoyin ke bi. Akwai tsargiya, wadda yaran da ke wanka a kududdufai da magudanan noman rani ke ɗauka, har wasu iyaye su ɗauki fitsarin jini alamar girma ne, alhali ƙwan tsutsar yana iya zama cikin gaɓɓan da ke samar da maniyyi, maganinta kuwa 'yan ƙwayoyi ne. Akwai kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda ake samu ga kimanin namiji 15 cikin 100, ana kuwa gyara shi da ƙaramar tiyata. Akwai yaron da aka haifa marainansa ba su sauko ba, abin da uwa za ta iya lura da shi wajen wanka, a yi masa aiki tun yana ɗan shekara guda. Akwai zafi, domin marainai ba su aiki sosai sai sun fi sauran jiki sanyi kaɗan. Akwai taba da ƙwayoyin maye irin su tiramadol. Samarinmu masu ɗaga ƙarfe kuma su sani, allurar testostaron da wasu ke yi don ƙirji ya buɗe tana iya tsayar da ƙera ƙwayoyi gaba ɗaya. Kwalaben nan na tasha kuwa, hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama irinsu da sinadarin maganin ƙarfin maza na bature an zuba a ɓoye. Yana iya tayar da gaba, amma ba ya ƙara ƙwaya ko ɗaya.

Ƙera ƙwayar maniyyi yana ɗaukar kimanin kwana 74, shi ya sa zazzaɓi mai zafi kaɗai yana iya ɓata sakamako, shi ya sa kuma likita ba ya yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai an sake bayan 'yan watanni. Inda magani da tiyata suka gaza, akwai sauran hanya. A 1978 aka haifi jaririya ta farko a Oldham ta Ingila da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a ɗakin gwaji. A 1992 likitoci a Brussels ta Beljiyam suka sanar da dabarar ɗaukar ƙwaya guda tak a cusa ta cikin ƙwan mace da allura, dabarar da aka yi ta musamman don mazan da ƙwayoyinsu suka yi ƙaranci ƙwarai. A 1998 aka haifi irin wannan jaririya ta dashe a Abuja a hannun Dakta Ibrahim Wada. Tun 1980 kuwa Muftin Masar, Shehu Jadul Haƙ, ya ba da fatawar halaccin wannan aiki muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, auren kuma yana nan. Ba mu ɓoye cewa kuɗinsa miliyoyin naira ne ba, ƙaramin ma'aikaci ba ya iyawa sai da taimako, ba kuwa kowane dashe ke kamawa ba. Akwai ma mazan da babu abin da likita zai iya yi musu. Amma ko su, sanin gaskiya yana tsayar da askar wanzami, yana tsayar da auri-saki, yana ba matar zaɓin da Umar ya ce a ba ta. Wadda ta zaɓi zama, ga al'adarmu ta riƙon ɗan ɗan'uwa, wadda Baba kanta ta rayu a cikinta.

Saura uzurin ƙarshe, watau kunyar yadda ake bayar da ruwan. Ana bukatar mutum ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, sa'an nan ya bayar cikin 'yar kwalba mai tsabta. Yana iya kawowa daga gida in zai iso cikin awa guda. Wannan ce duk wahalar. A auna ta da ta macen da ke kwanciya a gaban baƙo a tura mata ƙarfe.

A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, na ƙanjamau, da ciwon hanta, da rukunin jini na sikila. Samari suna miƙa hannu ana ɗibar jini, ba wanda rawaninsa ya faɗi. Ba muna neman a ƙara gwajin maniyyi cikin wannan doka ba, domin sakamakonsa yana sauyawa, kuma takardar da za ta bi ta hannun waliyyai ta zama abin tozarta mutum. Abin da muke nema ya fi haka sauƙi. Asibitocinmu su tsaya kan ƙa'idar da likitoci suka riga suka sani, cewa ma'aurata ake dubawa tare, kada a kai mace ga gwaji mai zafi sai an ga sakamakon mijinta. Limamai da masu wa'azin da ke yi wa mata nasihar haƙuri su juyo ga sahun gaba su karanta musu labarin Umar. Hukuma ta tambayi masu lasifika shaidar abin da suke shela. Ƙungiyar ɗalibai kuma, wadda ba ta rasa kuɗin shirya makon al'adu da gasar ƙwallo, ta gayyato likitan mafitsara da likitan mata daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da 'yan'uwanmu ɗaliban likitanci, a yi lacca da Hausa a tsohuwar haraba, a buɗe ƙofa ga direbobi da 'yan kasuwar Kabuga. Sharaɗinmu guda ne, kada a rubuta "matsalar mata" a jikin sanarwar, tambayoyi kuma a karɓe su a rubuce ba suna, don wanda ba zai iya ɗaga hannu ba ya samu ya tambaya.